Okke Ya Ƙi Ganye

Leeuwarden, 8 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Marrit,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da murar da ruwan saman makon nan ya sa mini. Mamata ma tana gaishe ki.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki tuna fuskata. Ni ce Tjitske. Mahaifiyata da mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne. Sau uku muka taɓa haɗuwa, na ƙarshe wurin jana'izar Kaka Douwe, inda kika ce takalmana irin na masu raba wasiƙa ne. An ce an karɓe wayarki a asibitin, takarda kaɗai ake bari, shi ya sa na sayi ambulan.

Ƙadangarenki mai gemu, Okke, yana hannuna. Ranar Asabar mahaifiyarki, Inna Hiske, ta kawo shi a mota, da akwatinsa na gilashi, da fitilunsa biyu, da robar gyaren da yake ci, da wani kwali na tarkacensa. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Ta ce, "Ke kika yi karatun kimiyya, ki ji da shi. Ni ba zan ƙara kwana gida ɗaya da gyare ba." Na ce, "Inna, ruwa na karanta, ba dabbobi ba." Ta ce, "To ai shi ma yana shan ruwa."

A watan Satumba na gama jami'a. Yanzu ina aiki a wani ɗakin bincike inda muke duba tsabtar ruwan famfo, kuma ba a tabbatar da ni ba tukuna. Abin da na iya shi ne awo. Don haka na auna shi.

Ran da ya zo, nauyinsa giram 91. Yau 88. Littattafai biyu da na aro a laburare sun ce ɗan wata shida ya kamata ya kusa ninka haka. Zafin dutsen da yake kwanciya a kai digiri 41 ne, ɗaya gefen akwatin 26, duka daidai. Fitilar zafi tana ci. Doguwar fitilar da ke tsaya masa a madadin hasken rana ita ma tana ci, awa goma sha biyu kullum. Gyare ashirin nake zuba masa. Ya ci tara, ya ci bakwai, jiya takwas.

Ganye kuwa ko kallo. Na ba shi latas mai ɗaci, da gurzajjiyar kabewa, da karas, da jan tattasai, duk na yanka ƙanana, ba wanda ya kai faɗin tsakanin idanunsa, kamar yadda littafin ya ce. Da safe in ajiye, da yamma in kwashe ya yanƙwane. In na kai masa baki da yatsa, sai ya rufe idon da ke gefena, ya bar ɗayan a buɗe.

Don Allah ki gaya mini, akwai ganyen da ya taɓa ci a hannunki? Ba na so ki dawo ki tarar na ɓata miki shi.

Yayarki,
Tjitske

* * *

11 ga Fabrairu

Malama Tjitske,

Sannu da ƙoƙari. Sunana Ineke, ni ce nas mai kula da Marrit. Duk wasiƙar da ta shigo muna karantawa kafin mu miƙa, ita ma ta san haka. Na dawo miki da taki.

Ba laifinki ba ne, da alama ba wanda ya yi miki bayani. Ciwon Marrit na ƙin cin abinci ne, kuma lissafi shi ya fi cin ranta. A nan ba a rubuto wa marasa lafiya nauyin kowa, ko adadin abin da aka ci ko aka bari, ko da na dabba ne. Ki ba ta labarin ƙadangaren, kullum sai ta yi maganarsa. Amma ban da lamba.

Ineke

* * *

Leeuwarden, 14 ga Fabrairu

Ƙanwata Marrit,

Ina gaishe ki da jiki. Ni lafiya, mura ta kama ni ta sake ni. Ni ce Tjitske, mai takalman raba wasiƙa, in kin tuna. Mahaifiyarki ta kawo mini Okke. Na rubuta miki doguwar takarda aka dawo mini da ita, wannan shi ne abin da ya rage bayan na cire abin da aka hana.

Okke yana nan. Yana motsi. Yana cin gyare. Ya ƙi ganye, kowane iri.

Na sake karanta layukan nan, na ga kamar wani ne ya rubuta su. Ban saba faɗin abu ba tare da awo ba. In na ce "lafiya", ban san inda kalmar ta fara da inda ta tsaya ba. Amma idanunsa garau suke, yana hawa dutsensa da kansa, don haka bari in ce lafiyarsa ƙalau.

Wane ganye ya taɓa ci a hannunki? Me kike yi masa in ya ƙi?

Tjitske

* * *

Ɗaki na huɗu, 19 ga Fabrairu

Yaya Tjitske, ko in ce Farfesa,

Na gaishe ki. Ni ina nan, an ce in riƙa cewa ina samun sauƙi. Na tuna ki sarai. Har yanzu kina sa takalman?

Takardarki ta ba ni dariya, sai ka ce rahoton 'yan sanda. "Yana motsi." To madalla, ni ma haka.

Okke ɗan rainin wayo ne. Sau ɗaya tak ya taɓa cin abin da ba ya tsalle: furen nan mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a bakin hanya, wanda in ya bushe ake hura gashinsa ya watse. Na tsinci wani da ya makara a bayan garejinmu cikin Oktoba. Ya haɗiye shi ɗungurum, bakinsa ya wuni rawaya. Yanzu babu shi sai Afrilu.

Tunda kin ce lafiyarsa ƙalau, ga maganinsa. Shagwaɓa shi kika yi. Muddin yana samun gyare ba zai kalli ganye ba. Ki janye gyaren gaba ɗaya, ki bar masa ganye kawai. In yunwa ta ishe shi zai ci. Kowa haka yake yi, ki bincika ki gani. Ba abin da zai same shi, suna da juriya fiye da yadda mutane ke zato. Ni na san shi.

A nan mu tara ne a tebur. In an tashi sai a zaunar da mu a falo, nas tana kallonmu, mu muna kallon bango. Shekarata goma sha biyar amma sai an raka ni bayi. Mama takan zo ranar Lahadi, ta ba ni labarin maƙwabta har lokaci ya cika, sannan ta je ta yi kukanta a mota. Ina hango ta daga taga. Ba ta san ana gani ba.

Ki riƙa yi wa Okke magana. Yana son rediyo, amma ban da labarai.

Marrit

* * *

Leeuwarden, 28 ga Fabrairu

Ƙanwata Marrit,

Bayan gaisuwa, ina fatan ana samun sauƙi na gaske, ba na faɗi ba. Ni lafiya. Takalman suna nan, ba sa shan ruwa.

Na bincika kamar yadda kika ce. Gaskiya ne mutane da yawa sun rubuta haka. Wasu kuma sun ce kada a yi wa ƙarami. Na yi kwana biyu ina jujjuya maganar, daga ƙarshe na ce ke ce mai shi, kin fi ni saninsa. Tun ranar Asabar na janye gyaren.

Bai ci ganyen ba. Ya daina hawa dutse, a ƙasa yake wuni. Jiya na ga yatsun ƙafarsa ta baya suna rawa su kaɗai, shi kuma kamar bai san suna yi ba. Ya taɓa yi miki haka? Akwai abin da nake so in gaya miki, amma da lamba na san shi, ba hali.

In ci gaba ko in dakata? Don Allah ki amsa da wuri.

Tjitske

* * *

Leeuwarden, 10 ga Maris

Zuwa ga Inna Hiske,

Bayan gaisuwa da girmamawa, yaya mai jiki, yaya kuma bayan rabuwa? Ni lafiya. Jiya da kika zo ban iya yin magana yadda ya kamata ba, kina tsaye a bakin ƙofa, mota tana kunne. Ni sai a takarda nake iya jera abu.

Marrit ta ce in janye wa Okke gyare, na janye. Da na ga ba daidai ba na rubuta mata, ba ta amsa ba. Na ɗauka fushi ta yi da na yi shakkar shawararta, na ci gaba da jira. Ranar ɗaya ga Maris, kwana shida ke nan bai ci komai ba, na same shi ya kasa ɗaga ƙirjinsa daga ƙasa. Na sa masa gyare a gaban baki. Ya kama, gyaren ya zame ya fita da ransa. Na nemi izini a wurin aiki, na sa shi a kwali da gorar ruwan ɗumi, na shiga bas zuwa wurin likitar dabbobi.

Likitar ta danna muƙamuƙinsa a hankali da babban yatsa, ya lotsa kamar roba. Ta ce, "Wa ya ce a hana ɗan wannan abinci?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ƙasusuwansa sun yi laushi. Ba taurin kai ne ya hana shi cin ganye ba, gatsawar ce ba ya iyawa." Ta ce in kawo doguwar fitilar. Washegari na kai, ta sa na'urarta a ƙasa. Haske yana nan ga ido, amma abin da ke cikin hasken da ke sa ƙashi ya yi ƙarfi ya ƙare tuntuni. Irin fitilar duk shekara ake canza ta, ko da tana ci. A bayanta akwai kwanan watan da wani ya rubuta da alƙalami, na shekara uku da suka wuce. Na san tare da akwatin kuka saye ta a hannun maƙwabcinku. Kwana ashirin da bakwai tana gabana. Sau biyu kullum nake auna zafi, ban taɓa juya ta na duba ba.

Ya sauko giram 74. Na sa sabuwar fitila. Ina ɗura masa ruwan magani da wani kunu da likitar ta ba ni, da sirinji marar allura, safe da rana. Ta ce tsakanin rayuwa da mutuwa rabi da rabi ne, kuma ko ya rayu muƙamuƙin ba zai miƙe ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa miki ba. A ƙasan kwalin tarkacensa na sami wani shuɗin littafi da rubutun Marrit. Kullum ta rubuta gyaren da ta ba shi. Oktoba, talatin a rana. Nuwamba, goma sha biyar. Disamba, takwas. Janairu, biyar, huɗu, da ranakun da ta ja layi kawai. A gefen wani shafi ta rubuta, "cikinsa ya yi girma." Kwalbar garin ƙarfin ƙashi da ake barbaɗa wa gyaren kuwa, ko murfinta ba a karya ba.

Sai a bakinki na ji abin da ya hana ta amsa: jikin ya rikice, kin sa hannu an saka mata siririn tiyo ta hanci ana ba ta abinci, kuma tun ranar ta daina yi miki magana. Kika ce, "Ki rubuta mata ya ci. Layi ɗaya, Tjitske. Sai ka ce an ce ki kashe mutum." Na ce ban taɓa rubuta sakamakon da ban gani ba. Kika ce, "Wannan ba ruwan famfo ba ne, 'yata ce."

Zan rubuta, Inna. Ina so dai ki sani ban gamsu zai yi amfani ba.

'Yarki,
Tjitske

* * *

Leeuwarden, 11 ga Maris

Ƙanwata Marrit,

Ina gaishe ki da jiki, ni lafiya.

Albishirinki, Okke ya fara cin ganye. Yana ci sosai. Lafiyarsa ƙalau, yana ta wasa. Ki kwantar da hankalinki, ki kula da kanki.

Tjitske

* * *

Ɗaki na huɗu, 20 ga Maris

Farfesa,

Gaisuwa. Ni ba lafiya, na san an gaya miki.

Rana ɗaya aka ba ni takardunki biyu, don na yi kwanaki a kwance ba a ba ni komai na karantawa. A ta farko yatsunsa suna rawa. A ta biyu yana wasa. Okke bai taɓa wasa ba tun da aka ƙyanƙyashe shi. Ƙadangare ne, ba ɗan kwikwiyo ba.

Ganyen me ya ci? Wace rana? Kina tsaye, ko dawowa kika yi kika tarar? Ke da sai da kika ɓata layi uku kafin ki yarda ki rubuta "lafiya", yau ke ce da "sosai"? "Ki kula da kanki" kuma maganar Mama ce, har ƙamshin turarenta na ji a jikin takardar.

Ya mutu, ko? Binne shi kuka yi, ko a shara kuka jefa? Ko shirin sayo wani kuke yi ku ce shi ne? Yana da tabo a wutsiya, zan gane.

A nan kowa da murmushi yake yi mini ƙarya. Ke kaɗai na ɗauka ba ki iya ba, shi ya sa nake jiran takardarki. Tun da na karanta ban kai komai bakina ba, sai abin da ke shiga ta tiyo. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, so nake ki ga yadda ake faɗin gaskiya.

Na yi magana da Ineke. Ta ce in kin rubuto ainihin abin da ya faru, za ta zauna mu karanta tare, komai muninsa. Amma dai ban da lamba.

Marrit

* * *

Leeuwarden, 23 ga Maris

Ƙanwata Marrit,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Malama Ineke. Ni lafiya ta jiki.

Bai mutu ba. Yanzu haka yana kwance kan tawul, ina ganinsa daga inda nake rubutu, da tabon wutsiyarsa. Bai ci ganye ba, ko sau ɗaya. Ƙarya na yi miki. Mahaifiyarki ta roƙe ni, amma hannuna ne ya rubuta. Ta roƙa ne don ba ta san me za ta ƙara yi ba, na ga fuskarta.

Ga gaskiyar. Ƙasusuwansa sun yi laushi, har muƙamuƙinsa ya karkace zuwa hagu. Shi ya sa ya ƙi ganye, ba ya iya gatsawa. Doguwar fitilarsa ta daɗe da mutuwa, tana ba da haske amma ba amfani, ni kuma ban duba ba. A kan wannan na zo na hana shi gyare. Likitar dabbobi ta ce zai iya rayuwa, zai iya mutuwa. Rawar yatsun ta tsaya. Ƙafarsa ta baya ta dama jan ta yake yi. Ba ya iya ci da kansa, ni nake ɗura masa kunu da sirinji, da safe kafin in fita, da rana kuma in hau keke in dawo lokacin hutun cin abinci.

Shawarar da kika ba ni, a kan kalmar "lafiya" da na rubuta kika ba ni ita. Na ga ya rame. Na san ya rame tun makon farko. Da aka hana ni lamba, sai na ɗauka an hana ni faɗi. Alhali akwai hanya. "Ya rame," kalma biyu ce. Ba ta zo mini ba sai da nake cikin bas, kwalinsa a cinyata.

Don haka laifin na fitila ne da nawa. Ki yi fushi da ni, kina da gaskiya. Amma kada ki biya bashin laifina da bakinki.

Ina kunna masa rediyo. Jiya na manta na bar shi har aka shiga labarai, ya rufe ido duka biyun.

Tjitske

* * *

Ɗaki na huɗu, 2 ga Afrilu

Yaya Tjitske,

Na gaishe ki. Jiki da ɗan dama. Na yi shiru ne don sai da na yi mako kafin in iya riƙe alƙalami ban yaga takardar ba.

Na gode. Amma har yanzu ba ki iya ba, ko ɓoyewar ma ba ki iya ba. "Na fitila ne da nawa." Shuɗin littafin yana cikin kwalin nan, ni na sa shi a ƙasa. Mutum irinki ba zai karɓi kwali bai zazzage shi ya jera komai a tebur ba. Kin gani.

Ni na fara. Nakan ɗaga shi in duba cikinsa, in ga ya yi girma. Na san ƙarami ne, na san abin da littafi ya ce. Idona dai haka yake nuna mini. Yakan tsaya a jikin gilashi yana kallon robar gyaren, ni kuma in ji daɗi wai yana koyon haƙuri. Da na ce ki janye masa abinci, ko da kin rubuto ya rame, ban tabbata zan ce miki wani abu dabam ba. Na gaya wa Ineke haka. Ta miƙo mini hankici.

Tambaya ɗaya gare ni, kuma ki amsa irin amsarki, ta 'yan sanda. In kin ɗura masa, yana tsanarki bayan nan? Ran da aka saka mini tiyo, Mama tana tsaye a bakin gado tana riƙe da ƙafata. Yau Lahadi huɗu ke nan ina cewa kada a bar ta ta hawo sama.

Marrit

* * *

Leeuwarden, 9 ga Afrilu

Ƙanwata Marrit,

Ina gaishe ki da jiki. Ni lafiya. Okke yana raye, ƙafar ba ta dawo ba, likitar ta ce har yanzu kada in saki jiki.

Na ga littafin. Na karanta shi duka. Fitilar ta yi nata, littafin ya yi nasa, ni na yi nawa. Ba ni da na'urar da za ta raba ta ce wannan ne ya fi.

Ga amsar tambayarki, abin da na gani kawai. In ya hango sirinjin sai ya juya kansa bango. Nakan naɗe shi a tawul don kada ya karya wani abu garin zillo. Ba na iya matsa muƙamuƙin, don haka sai in ɗiga kunun a gefen leɓensa in jira. Yakan datse baki ya daɗe. In ya buɗe don ya yi mini huci, sai in tura. Yana kumbura maƙogwaro, gemunsa ya yi baƙi ƙirin. Ba ranar da bai yi ba. Har yau ban saba ba.

In na kwance tawul ɗin, yakan ja jiki can ƙarshen tebur ya ba ni baya. Gemun yana nan baƙi kamar tsawon lokacin da shayi ke ɗauka ya huce. Daga nan sai ya fara washewa. Ni ina barin hannuna a kan tebur, ba na motsi. Sai ya jawo ƙafar ya zo ya ɗora ƙirjinsa a bayan hannuna, ya kwanta. Kullum haka, in ban da sau biyu.

Ban san ko yafiya ba ce. Dabba ce mai sanyin jini, hannuna kuma ya fi tebur ɗumi. Zai yiwu wannan ne kawai. Ba zan rubuta miki abin da ban auna ba.

Furen ya fito. Shekaranjiya na gan shi a gefen hanyar keke, na tsinko daga can ciki inda karnuka ba sa zuwa, na wanke. Da na ajiye masa, ya buɗe ido duka biyun, ya ja jiki ya zo da kansa. Ya lasa. Ya kai baki sau uku, furen yana zamewa. Sai ya tsaya yana kallonsa. Na tsinke ɗan siririn gashin furen na ɗora a harshensa, ya haɗiye. Ban ɗauki wannan a matsayin ci ba. Na dai ga ya kamata ki sani ya so.

Yayarki,
Tjitske

* * *

Ɗaki na huɗu, 12 ga Afrilu

Farfesa,

Gaisuwa. Tiyon yana nan, an ce sai mun gani.

Ki ci gaba da ɗura masa, ko gemun zai fi tukunya baƙi. Littafin kuma ki riƙe a wurinki, ko na roƙe ki kada ki ba ni.

Na ce wa Ineke a bar Mama ta hawo ranar Lahadi. Ba yafe mata na yi ba. Ɗakin nan ne da sanyi.

Marrit